DAGA BAKIN ALLO: Wasiƙar da Ta Ce “Ba a Ɗauke Ki Ba”



Akwai wata irin wasiƙa da ta kan shiga gidajenmu kowace shekara, ta bar mutane cikin tagumi. Gajeriya ce, ba ta wuce layi biyar. Ta kan fara da godiya, ta ƙare da fatan alheri, a tsakiya kuwa ta ce ɗanka bai sami makin da a ke bukata a gwajin basira ba, saboda haka ba zai sami sikolashif ba. A da cikin ambulan ta ke zuwa, yanzu a waya a ke ganinta, amma zafinta bai ragu ba. A wannan wata ina so mu duba abin da ya kamata iyali su yi bayan sun gama karanta ta.

Ran wata Lahadi cikin shekarar 2023, bayan an tashi daga sujada, wani dattijon ikilisiyarmu ya biyo ni gida tare da 'yarsa. Yarinyar nan shekara uku na koya mata lissafi, ban kuwa taɓa jin kunyar aikinta ba. Ta fita da sakamako mai kyau a jarrabawar WAEC, ta sami shiga jami'a domin ta koyi haɗa magunguna. Uban manomi ne, ya sayar da masara da akuya biyu kafin ya biya kuɗin zangon farko. Dukan begensu yana kan wani kamfani mai ba ɗaliban shekarar fari taimako. Ta cika fom, aka kira ta gwaji a babban birnin jiharmu, ta je ta dawo. Ga amsa ta zo.

Dattijo ya miƙo mini wayar, ya ce, “Malam, ba wani abu ya kawo mu ba, na ce dai ya kamata ka sani, tun da kai ka sa mata hannu a takarda. Mun karɓa. Nufin Ubangiji ke nan.”

Na dubi yarinyar, na ce, “'Yata, me ya faru a ɗakin gwajin nan?”

Ta yi shiru, sai da uban ya ce ta yi magana. Ashe motar da ta shiga ran jajibere ta lalace a hanya, suka kwana a wani ƙauye, da asuba ta sami wata. Kafin ta gane wurin gwajin an riga an fara da minti ashirin da biyar. Mai tsaron ɗakin ya ji tausayinta ya bar ta ta shiga, ta sa hannu a takardar masu halarta, ya rubuta lokacin shigarta a gefen sunanta. Gwajin na awa ɗaya ne, a kan kwamfuta. Da lokaci ya cika na'urar ta rufe da kanta, ita kuwa ba ta ko ga kashi ɗaya cikin uku na tambayoyin ba. Mako shida ta riƙe wannan magana a ciki, ko uwarta ba ta gaya wa ba, domin a ganinta laifinta ne.

Ina girmama dattijon nan ƙwarai, bangaskiyarsa kuma ta fi tawa nesa ba kusa ba. Amma a ranar na ce masa, “Baba, ka gafarce ni, ban yarda mun san nufin Ubangiji tukuna ba. Abin da muka sani kawai shi ne nufin kwamfuta.”

Mu mutanen ƙasar nan an rene mu da haƙuri, abu ne mai kyau kuwa. Sai dai sau da yawa abin da mu ke kira haƙuri tsoron ofis ne ya sa rigar ibada. Muna jin nauyin mu rubuta wa manya, muna tsoron a ce mun cika baki, ko kuwa ba mu san yadda a ke yi ba, sai mu ce Allah ne bai nufa ba, mu huta. Ku buɗe Littafin Ƙidaya sura 27 ku karanta labarin 'ya'yan Zelofehad. 'Yan mata biyar ne, ubansu ya mutu a jeji bai bar ɗa namiji ba, bisa ga ka'idar lokacin kuwa ba su da rabon gado. Ba su zauna a tanti suna kuka ba. Suka je suka tsaya gaban Musa da Ele'azara firist da shugabanni, suka faɗi maganarsu. Abin da ya kan ba ni sha'awa shi ne yadda suka shirya ta. Ba su wanke ubansu ba, sun yarda shi mai zunubi ne, amma suka nuna ba ya cikin waɗanda suka yi tawaye tare da Kora. Sa'an nan suka faɗi ainihin abin da su ke so, watau a ba su gado tare da 'yan'uwan ubansu. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, aka kuwa ce suna da gaskiya, har ka'idar gado ta canja saboda su. Duk wanda zai rubuta wasiƙar neman a sake duba maganarsa, ya fara zama da surar nan tukuna.

Kafin in ci gaba da labarin, bari in ɗan yi bayani a kan gwajin basira, gama iyaye da yawa suna tsammani wani ma'auni ne mai auna ƙwaƙwalwar da Allah ya ba yaro, kamar yadda sikeli ya ke auna gyaɗa. Ba haka ba ne. Tambayoyi ne masu yawa cikin ɗan lokaci, kowace da amsoshi huɗu ko biyar a zaɓi ɗaya: wasu na Turanci, wasu na lissafi, wasu na jerin lambobi ko zane-zane a ce ka faɗi wanda zai biyo. Yaranmu sun fara haɗuwa da irinsu tun a jarrabawar shiga makarantun sakandare na gwamnatin tarayya. Yawancin tambayoyin ba su da wuya in an ba ka yini guda. Wahalar tana ga agogo. Ku ɗauki jarrabawar JAMB a misali: tambaya 180 cikin awa biyu, watau daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da sai ya juya tambaya zuwa Hausa ko yarensu a cikin kansa kafin ya gane ta, rabin daƙiƙun nan sun tafi bai fara tunani ba.

Mutumin da ya fara shirya irin wannan gwaji yadda ya karɓu, wani Bafaranshe ne mai suna Alfred Binet, shi da abokin aikinsa Théodore Simon, a birnin Paris cikin 1905. Nufinsu shi ne a gane yaran da su ke bukatar ƙarin taimako a makaranta domin a taimake su. Binet da kansa ya yi gargaɗi kada a ɗauka basirar yaro abu ce tsayayya wadda ba ta ƙaruwa. A Amurka akwai wata babbar jarrabawar shiga jami'a da a ke kira SAT, wadda aka fara a 1926. Da fari kalmar basira tana cikin sunanta. A 1993 masu shirya ta suka cire kalmar, a 1997 kuma suka ce haruffan nan uku ba su tsaya a madadin kome ba. Su da kansu ke nan sun daina cewa suna auna abin da aka haifi mutum da shi.

Kada dai wani ya ce Malam ya ce gwaji aikin banza ne. Lokacin annobar korona a 2020 jami'o'in Amurka da yawa sun daina tilasta wa ɗalibai kawo makin SAT, amma a 2022 jami'ar MIT ta komar da shi, a 2024 kuma Harvard ta bi sawu. Ɗaya daga cikin dalilan da suka bayar shi ne makin ya kan taimake su gano yaro mai ƙwazo daga makarantar da ba a san sunanta ba. Wannan ya shafe mu. Kamfanin da ya sami masu nema dubbai ba shi da hanyar sanin kowa, in kuwa babu gwaji, 'ya'yan masu uwa a gindin murhu ne za su kwashe kome. Gwaji abokin talaka ne. Amma abin da ya gani a awa ɗaya kaɗai ya sani. Bai san motar da ta lalace ba, bai san zazzaɓi ba, bai san shekara shida ta ƙoƙari ba. Aikin wasiƙar roƙo ke nan: ta gaya wa kwamiti abin da gwajin bai gani ba.

To, na ce wa yarinyar ta je ta rubuta, ta kawo mini ran Talata. Ta zo da shafi uku. Ta fara da yi wa manyan kamfanin kirari, ta ba da tarihin gidansu tun daga kakanta, ta ambaci akuyoyin nan biyu, ta ce in ba su taimake ta ba rayuwarta ta ƙare. Maganar makara kuwa sai can a shafi na uku, cikin layi biyu, kamar mai ɓoye abin kunya. Na karanta, na ji ƙwalla, sa'an nan na ɗauki jan biro na soke kusan duka. Ta dube ni kamar na mare ta.

Na ce mata, “'Yata, ki tuna da mutumin da zai karanta wannan. Akawu ne, gabansa tulin takardu, kowace kuma ta ɗan talaka ce. Talaucinku ba labari ba ne a wurinsa. Abin da zai sa ya tashi daga kujera ya kai takardarki gaba shi ne abin da zai iya bincikawa ya tabbatar.”

Muka koma muka sake karanta sanarwar da kamfanin ya fitar tun farko. Wannan shi ne matakin da mutane su kan tsallake. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, akwai adireshin da a ke aika ƙorafi. Waɗansu masu ba da taimako su kan sa wa'adi, mako biyu ko wata ɗaya, in ya wuce shi ke nan. Waɗansu su kan rubuta cewa hukuncin kwamiti ba ya canjawa. Ko a nan ɗin ma ba laifi ba ne ka rubuta da ladabi ka tambaya ko akwai jerin masu jira, ko kana iya sake nema baɗi. Matambayi ba ya ɓata.

Wasiƙar da muka aika shafi ɗaya ce. Da Turanci aka rubuta ta, amma ga ma'anarta a taƙaice. Ta faɗi sunanta, da lambar rajistarta, da ranar gwajin, da wurin da ta yi shi. Ta ce ta ga makinta, ta kuwa yarda bai kai ba, ba ta jayayya da shi. Ta ce motarsu ta lalace a wuri kaza, ta shiga ɗaki bayan an fara da minti ashirin da biyar, mai tsaron ɗakin ya rubuta lokacin a takardar halarta, ana iya dubawa. Ta ce ta haɗa da kwafin sakamakon WAEC, da na zangonta na fari a jami'a, da wasiƙar shugaban makarantarmu. Daga ƙarshe ta roƙi abu ɗaya tak: in akwai damar sake gwaji, a sa ta ciki, in babu, a sa sunanta cikin masu jira. Ta yi godiya, ta sa hannu.

Ita ta sa hannu, ba ubanta ba, ba ni ba. Wanda ya isa shiga jami'a ya isa faɗin maganarsa. Kwafi muka aika, takardun asali suna cikin akwatin uwarta. Ku riƙe wannan, domin na san yaron da ya aika satifiket ɗinsa na asali, har yau bai sake ganinsa ba. In da hannu za a kai wasiƙa, a tafi da biyu, a roƙi mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da ita gida.

Maganar wasiƙar shaida kuma, Dattijo ya so a karɓo ta wurin Fasto. Ban hana ba, amma na ce ta shugaban makaranta ce za ta yi aiki a nan. Fastocinmu, Allah ya ƙara musu ƙarfi, su kan rubuta cewa yarinya tana cikin ƙungiyar mawaƙa, ba ta fashin makarantar Lahadi, tana da ladabi. Duk gaskiya ne, amma kwamiti ba su ce ba ta da ladabi ba. Sun ce makinta bai kai ba. Wanda zai amsa wannan shi ne wanda ya ga makinta shekara da shekaru, ya kuma iya faɗin matsayinta a aji.

Yanzu ga wurin da na fi so masu karatu su tsaya. Kafin mu aika, wani kawun yarinyar wanda ya daɗe a birni ya zo ya ce mun yi sakarci. Ya ce maganar mota ba ta da ƙarfi, kowa zai ce me ya hana ta tashi da wuri. Ya ce yana da wanda zai ba mu takardar asibiti mai hatimi, a nuna an kwantar da ita saboda zazzaɓin taifot kwana biyu kafin gwajin. Ban ɓoye muku ba, na yi shiru na ɗan lokaci, domin na san takardar asibiti ta fi labarin mota nauyi a idon akawu. Dattijo ne ya raba gardama. Ya ce, “Wadda za ta riƙa ba mutane magani, ba za ta shiga karatun da takardar asibiti ta ƙarya ba.” Na ji kunya, ni da na yi masa wa'azi ran Lahadi.

Ko ta fuskar dabarar duniya ma shawarar kawun ba ta da kyau. Takardar halarta tana nan da lokacin shigarta, ita ce shaidar da ba mu muka rubuta ba. In aka buga waya asibitin aka tarar babu sunanta, ba wannan sikolashif kaɗai ta rasa ba, ta ɓata sunan makarantarmu ga ƙannenta masu zuwa. Haka nan ku yi hankali da masu bugo waya su ce suna aiki a ciki, a turo kuɗi kaza za su gyara maki. Ɓarayi ne, sun san iyaye suna cikin zafi.

Akwai kuma abin da mu kan faɗa a tsakaninmu da zarar an ƙi yaro: ai saboda sunansa ne, ai saboda addininsa ne, ai saboda garinsu ne. Ban ce ba a taɓa yin haka a ƙasar nan ba, ni ba yaro ba ne. Amma in ba ka da shaida, kada ka sa shi cikin wasiƙa, gama ka zagi mutumin da ka ke roƙo ke nan. Kada kuma ka cusa shi a zuciyar yaro, domin yaron da ya gaskata an ƙi shi tun kafin ya zauna, ba zai ƙara buɗe littafi da zuciya ɗaya ba.

Wani zai ce, su waɗannan manya suna sauraron kowa ne? Ku tuna da abin da ya faru a 2025. Da sakamakon JAMB ya fito, ɗalibai da iyaye suka yi ta ƙorafi cewa makin bai yi daidai da ƙwazon yaransu ba. Hukumar ta bincika, ran 14 ga Mayu shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami kuskure a na'urori, ya nemi gafara. Ɗalibai 379,997 ne abin ya shafa, a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuwa sake musu jarrabawa. Da kowa ya ce nufin Allah ne ya yi shiru, da yaran nan sun tafi da makin da ba nasu ba.

Duk da haka ba kowane faɗuwa ba ne ya ke da dalilin roƙo. A shekarar nan ta 2023 wani yaron ajinmu ya zo shi ma yana so in taya shi rubutu. Na tambaye shi me ya faru, ya ce tambayoyin ne suka yi wuya. Ya isa da wuri, ya ci abinci, lafiyarsa ƙalau. Na ce masa ba mu da abin rubutawa. Abin da ya ke bukata shi ne tsofaffin tambayoyi, da agogo a kan tebur, da rabin awa kowace yamma. Ya koyi tsallake tambayar da ta tsaya masa ya komo mata daga baya, ya koyi karanta umarni ya ga ko ana rage maki saboda amsar da ba daidai ba, ya riƙa karanta wani abu da Turanci kullum har idonsa ya yi sauri. Bai ji daɗina ba a ranar. Ina kuma gaya wa iyaye, in gwaji a wani gari ne, ku tura yaro kwana biyu kafin ranar, ya kwana wurin 'yan'uwa ko a gidan baƙi na ikilisiya, ya je ya ga ƙofar ɗakin da idonsa tun jajibere. Da mun yi wa yarinyar nan haka, da duk wannan bai taso ba, laifin kuwa har da ni, domin ban tambaye ta yadda za ta tafi ba.

Yayin da a ke jiran amsa kada a zauna a ƙofa ɗaya. Akwai hukumomin ba da sikolashif na jihohi, a tambaya a ofishin ƙaramar hukuma. Tun daga Mayun 2024 kuma akwai asusun NELFUND na gwamnatin tarayya mai ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance ba ruwa, wanda a ke fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Rance ne, ba kyauta ba, a yi shawara a gida kafin a karɓa. A wajenmu Zumuntar Mata ce ta tara kuɗin da ya riƙe yarinyar a zango na biyu, ba tare da an kira sunanta a gaban jama'a ba.

Yawancin wasiƙun da na taya yara rubutawa ba su canja kome ba, waɗansu ko amsa ba a yi ba. Tata ta yi mako bakwai shiru. Sa'an nan amsa ta zo cewa sun duba takardar halarta, sun ga lokacin, ba za su taɓa makin farko ba, amma za a sake gwaji domin ɗaliban wata cibiya inda wuta ta ɗauke, tana iya zuwa ta zauna tare da su. Wannan karo ta tafi tun ran Laraba domin gwajin Asabar. Ta amsa dukan tambayoyin, amma maki biyu suka hana ta kaiwa, aka sa ta cikin masu jira. Cikin Fabrairun 2024 wani daga cikin waɗanda aka ɗauka ya sami taimako a wani wuri ya bar gurbinsa, aka kira ta. Kuɗin ba ya biyan kome da kome, har yanzu Dattijo yana sayar da masara, amma bai ƙara taɓa awaki ba.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba yadda a ke cika fom ɗin neman sikolashif tun daga farko, musamman maganar sunan da ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da ta makaranta. Wanda ya ke da tambaya a kan wannan ya aiko ta hannun Edita.